Kagaran Tsakiyar Zamani da Kangayensu: Tambayoyi da Amsoshi

Hotunansu sun cika intanet. Katafaren ginin dutse a kan tsauni, rabin hasumiyarsa ya zube, ciyawa ta mamaye tsakar gida, ba rufi ba ƙyaure. Wanda ya gani yakan ce tsufa ne ya cinye shi, ko kuma abokan gaba ne suka ragargaza shi a wani yaƙi. Sau da yawa ba haka labarin yake ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da waɗannan gine-gine, waɗanda aka yi yayinsu tun daga wajen shekarar 900 har zuwa 1500 Miladiyya.

Me ake nufi da kagara a nan? Ba fada ba ce, ko ganuwa?

Tana da rabo a duka biyun, amma ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Ganuwa gari take kewayewa, ta haɗa sarki da talaka da kasuwa da fako a cikinta. Fada kuwa gidan sarauta ce, ƙawarta ta fi tsaronta. Kagarar da muke magana a kai gidan mutum ɗaya ne, sarki ko hakimi ko wani babban barde, wanda aka gina shi yadda zai iya jure yaƙi. A ciki maigidan yake kwana da iyalinsa, a ciki yake shari'a, nan ake kawo masa haraji, nan kuma yake tsare wanda ya saɓa masa. Idan aka cire zaman iyali daga ciki, abin ya koma bariki.

Yaushe aka fara gina su?

Bayan daular da Sarki Sharlaman ya kafa a yammacin Turai ta fara tsattsagewa a ƙarni na 9. Mahara na shigowa ta teku da ta koguna, sarki ya yi nisa kuma ba shi da ƙarfin kai ɗauki, sai kowane mai ƙasa ya shiga kare kansa. Tun a shekarar 864 jikan Sharlaman, Sarki Charles mai laƙabin Mai Sanƙo, ya fitar da doka cewa a rushe duk kagarar da aka gina ba da izininsa ba. Wannan doka kaɗai ta isa ta nuna cewa tun ranar farko sarakuna ba su saki jiki da waɗannan gine-gine ba.

Na farkon ba na dutse ba ne. Rami ake haƙawa a kewaye, a tara ƙasar a tsakiya ta zama tudu, a kafa hasumiyar katako a kai, a ƙasa kuma a yi shinge mai ɗauke da barga da rumbuna da madafa. Cikin 'yan watanni an gama. Dutse ya biyo baya ne a hankali. Daga cikin tsofaffin hasumiyoyin dutse da suka rage a Faransa akwai ta Langeais, wadda Fulk Nerra mai mulkin Anjou ya gina wajen shekarar 994.

Wane abokin gaba ake tsoro har ake yin irin wannan gini?

Mutum zai zaci baƙi ne daga wata ƙasa. A wurare da dama mutanen garin ne da kansu.

Lokacin da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila a 1066, shi da mutanensa 'yan tsiraru ne a cikin al'ummar da ba ta son su. Sai suka bi manyan garuruwa suna dasa kagara a tsakiyarsu. A Lincoln gidaje 166 aka rushe don a samar da fili, kuma rajistar ƙasa da sarkin ya sa aka yi a 1086 ce ta rubuta adadin. Farar Hasumiyar Landan, wadda aka soma wajen 1078, tsayinta ya kai mita 27 a lokacin da gidajen birnin na katako ne. Duk mai zuwa kasuwa sai ya ɗaga kai ya gan ta. Saƙon ba ya buƙatar tafinta.

Haka Sarki Edward na Ɗaya ya yi wa Wales bayan ya murƙushe sarakunanta a 1283. Ya jera Conwy da Caernarfon da Harlech, daga baya Beaumaris, duk a bakin teku don a riƙa kawo musu abinci ta jirgi ko da ƙasar ta yi bore. A gindin wasunsu ya kafa sababbin garuruwa ya zuba Ingilawa. Yau 'yan Wales ne ke kula da su, suna sayar da tikitin shiga, kuma tun 1986 suna cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO.

Yaya ake ginin, kuma nawa yake ci?

Bangon da ka gani mai kaurin mita 3 ko 4 ba sassaƙaƙƙen dutse ba ne gaba ɗaya. Fuska biyu ake jerawa da dutse mai kyau, ciki da waje, a cika tsakiyar da ɓaraguzai da kwaɓin farar ƙasa. Wannan kwaɓi ba ya kamawa a lokacin ƙanƙara, saboda haka aikin na watannin ɗumi ne. Sanyi na shigowa sai a rufe kan bangon da ciyawa, a sallami yawancin ma'aikata sai baɗi.

Conwy an gama ta tsakanin 1283 da 1287, ita da ganuwar garin, a kan kuɗi kusan fam 15,000, a zamanin da birkila ke samun 'yan kwabbai a yini. Babban maginin Edward, James na Saint George, daga Savoy aka ɗauko shi. A 1296 shi da abokin aikinsa sun rubuta wa baitulmali wasiƙa game da aikin Beaumaris suna kukan kuɗi. Suka lissafa abin da ke hannunsu: birkiloli 400, lebura 2,000, masu fasa dutse 200, maƙera 30, amalanke 100, manyan kekunan kaya 60, da jiragen ruwa 30 masu jigilar dutse da gawayi. Suka ce albashi ya maƙale, ma'aikata na gudu saboda ba su da abin ci. Kuɗin bai zo yadda ake so ba, don hankalin sarki ya koma yaƙin Sikotland. Beaumaris, wadda masana da yawa ke cewa ta fi kowace kagara a Birtaniya kyan tsari, ba a taɓa kammala ta ba. Hasumiyoyinta gajeru ne saboda a nan aikin ya tsaya, ba wanda ya sare su.

Sojoji nawa ke tsaron kagara guda?

Kaɗan ƙwarai, kuma amfanin ginin ke nan. A 1404 mutum 28 ne suka riƙe Caernarfon a gaban mayaƙan Owain Glyndŵr, jagoran boren 'yan Wales, da Faransawan da ke taimaka masa. A lokacin zaman lafiya wata kagarar ba ta wuce wakilin maigida da mai gadin ƙofa da 'yan barori.

Idan maigida ba ya nan, sau da yawa uwargida ce ke riƙe da makullai. Nicola de la Haye ta kare Lincoln a 1217 tana dattijuwa. Agnes ta Dunbar a Sikotland ta jure ƙawanyar Ingilawa wata biyar a 1338 har suka gaji suka tafi.

To ta yaya ake cin ta da yaƙi?

Hanya mafi tabbas ita ce yunwa. A kewaye wurin, a hana shiga da fita, a zauna. Sai dai mai ƙawanya ma cikinsa na buƙatar abinci, ga cuta na yawo a sansani, ga sojojin da wa'adin hidimarsu ke ƙarewa. A Kenilworth a 1266 an kwashe kusan wata shida kafin yunwa da cuta su fito da na ciki.

Yunwar ba a kan soja take farawa ba. Château Gaillard, wadda Sarkin Ingila Richard Mai Zuciyar Zaki ya gina a gaɓar kogin Seine cikin shekara biyu kacal, sarkin Faransa Philip ya yi mata ƙawanya daga 1203 zuwa Maris na 1204. Mutanen garin da ke ƙasa sun gudo ciki neman mafaka. Da abinci ya fara ja baya, kwamandan ya kore su waje. Faransawa suka bar rukunin farko suka wuce, daga baya suka ƙi. Ɗaruruwan mutane suka yi hunturu a tsakanin bango da sansani, gaba siyaki baya damisa, da yawansu a nan suka mutu.

Hanya ta biyu ita ce haƙa. A yi rami a ƙarƙashin bango, a tokare shi da itace, sannan a cinna wa itacen wuta. A Rochester a 1215 Sarki John ya aika a kawo masa aladu 40 masu ƙiba, irin waɗanda ba su da daɗin ci, don a yi amfani da kitsensu wajen hura wutar. Kusurwar hasumiyar ta rufta. Da aka zo gyara sai aka gina wannan kusurwa a zagaye, sauran ukun kuwa masu kwana ne, kuma har yau haka suke. Zagayayyen bango ya fi wuyar haƙewa, dutsen da aka harbo kuma yakan goce a jikinsa.

Akwai kuma babbar majaujawar yaƙi, wadda Larabawa ke kira manjaniƙ. A Stirling ta Sikotland a 1304 Edward na Ɗaya ya sa an ƙera wata ƙatuwa. Kafin a gama haɗa ta sai na ciki suka nemi miƙa wuya. Sarkin ya ƙi karɓa sai da ya gwada kayansa a kan bangonsu.

Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yawan kagaran da dabara ta ci ba ƙarfi ba. A ranar wata Juma'a ta ibadar Kirista a 1401, masu tsaron Conwy suna coci, wasu 'yan Wales suka zo a matsayin kafintoci, suka kashe masu gadi biyu suka buɗe wa 'yan uwansu ƙofa. Ginin fam 15,000 ke nan ya faɗi a hannun mutum kusan 40. Edinburgh a 1314 mutum 30 ne suka hau dutsenta da dare suka ƙwace ta.

Gaskiya ne suna zuba wa maharan tafasasshen mai?

Ya faru jefi-jefi, amma mai abu ne mai tsada. Abin da aka fi sakowa ta ramukan saman ƙofa shi ne duwatsu, ruwan zafi, da yashi mai zafi wanda ke shiga tsakanin sulke da fata. Ramukan kuma suna da wani amfani: a zubo ruwa a kashe wuta idan an cinna wa ƙyaure.

Gwalalon da ke kewaye fa, kullum da ruwa?

A'a. Mafi yawa busassu ne, musamman na kan tudu. Inda akwai ruwa, babban aikinsa hana haƙa rami ne, kuma sau da yawa nan masai ke zuba.

Yaya zaman ciki yake? Duhu da sanyi kamar yadda ake gani yanzu?

Abin da ake gani yanzu ƙashi ne, naman ya tafi. A zamaninsu bangon ciki da yaɓe yake, da fenti, an rataya masa darduma da labule. Waje ma ana shafa farar ƙasa. Farar Hasumiyar Landan ta samo sunanta ne daga shafen da Sarki Henry na Uku ya sa aka yi mata a 1240.

Zuciyar gidan ita ce babban zaure, inda ake cin abinci tare, ake sauraron ƙara, barori kuma su shimfiɗa su kwana. Ɗakin maigida na sama ko bayan zauren. Akwai ɗakin ibada, da madafa wadda akan ware gefe saboda gobara, da rijiya, wadda in babu ita sauran duk aikin banza ne. Masai ɗan lungu ne a cikin kaurin bango, da rami mai zubarwa waje.

Manyan masu mulki ba sa zama wuri ɗaya. Suna yawo daga wannan gida zuwa wancan da gadajensu da akwatunansu da mutanensu, su cinye abin da gandun wurin ya tara, su ƙara gaba. Saboda haka kagara takan yi watanni shiru, sannan ta cika maƙil na 'yan makonni.

Turawa kaɗai ne suka gina irin waɗannan?

Ko kusa. Wasu daga cikin mafi girma da suka rage suna ƙasashen Musulmi ne, kuma an yi ta koyi da juna tsakanin ɓangarorin biyu, musamman a zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya.

Salahuddin Ayyubi ya soma gina kagarar Alƙahira a 1176 a gefen dutsen Muƙaddam, wazirinsa Ƙaraƙush na kula da aikin. An haƙa mata rijiya cikin dutse mai zurfin kusan mita 90, hawa biyu, shanu na juya na'urar ɗebo ruwa. Daga nan aka mulki Masar kusan shekara 700. A Halab, ɗansa Zahir Gazi ne ya yi wa kagarar birnin babban gyara, da gadarta da mashigarta mai lanƙwasa da yawa don kada mahari ya samu gudu kai tsaye. A Jodan akwai Ajlun, wadda wani kwamandan Salahuddin ya gina a 1184. A Andalus akwai Gormaz ta zamanin Halifa Hakam na Biyu, wajen 965, doguwa a kan tsauni, tana kallon kogin Duero. Har yau kalmomin da Sifaniyawa ke kiran irin waɗannan gine-gine da su, alkasar da alkasaba, daga Larabci suke.

Wadda ta fi shahara ita ce Ƙal'atul Hisn a Siriya, wadda Turawa ke kira Krak des Chevaliers. Asalinta sansanin Kurdawa ne, shi ya sa aka san ta da Hisnul Akrad. A shekarun 1140 ta shiga hannun wata ƙungiyar baraden Kirista, suka mai da ita bango cikin bango. Salahuddin ya zo ya dube ta a 1188 ya wuce. Sai a 1271 Sarkin Masar Baibars ya yi mata ƙawanya wata ɗaya da 'yan kwanaki, ya fasa bangon waje, sannan, kamar yadda marubuta tarihi suka ruwaito, ya aika wa na ciki wasiƙar jabu da sunan shugabansu tana umartarsu su sallama. Suka fita da ransu ranar 8 ga Afrilu. An mai da cocinta masallaci, kuma mihrabin na nan. Daga baya ƙauye guda ya tare a cikinta, sai a shekarun 1930 Faransawa masu mulkin Siriya suka fitar da mutanen.

Kusa da Lazikiyya kuma akwai Sahyun, wadda yanzu ake kira da sunan Salahuddin don shi ya ci ta a 1188. Maginanta sun sare dutse suka yi gwalalo mai zurfin mita 28, suka bar siririn ginshiƙi guda a tsakiya don ya tallafi gada. Gadar ta daɗe da tafiya, ginshiƙin na tsaye.

Igwa ce ta kawo ƙarshensu?

Ta taimaka. Tsakanin 1449 da 1450 igwogin sarkin Faransa sun ƙwace garuruwa da kagaran Normandi daga hannun Ingilawa ɗaya bayan ɗaya, wuraren da a da sai an shekara ana fama. Dogon bango da ya gagari tsani ya zama abin saiti. Amma igwar farko ba abin dogaro ba ce: Sarki James na Biyu na Sikotland tasa ce ta fashe ta kashe shi a Roxburgh a 1460. Sarkin Turkawa Muhammadul Fatih ma a 1452 sabuwar kagara ya gina, Rumeli Hisar, cikin wata huɗu da ɗoriya, ya ɗora mata igwogi ta tare mashigin Bosforus kafin ya ci Ƙusɗanɗiniyya.

Abin da ya fi igwa tasiri shi ne sauyin mulki. Sarakuna sun yi ƙarfi, sun kafa sojoji na dindindin, ba sa son wani hakimi ya mallaki gidan da zai iya rufewa ya ce ba ya biyayya. Masu kuɗin su ma sun gaji da matattakala mai duhu da ƙananan tagogi. Suna son falo mai haske da lambu.

Idan ba yaƙi ba ne, wa ya mai da su kango?

Ga inda labarin yake. Da yawansu da gangan aka lalata su, kuma mahukuntan ƙasar ne suka ba da umarni.

Robert Bruce na Sikotland yana ƙwato kagara daga Ingilawa sai ya rushe ta, don kada su dawo su sake zama. A Faransa, a 1626, Kadinal Richelieu, babban wazirin sarki, ya sa aka fitar da dokar rushe kagaran cikin ƙasa waɗanda ba sa kan iyaka, don karya lagon manyan gidaje. Château Gaillard tun 1599 Sarki Henri na Huɗu ya ba da umarnin a rushe ta, aka kuma ba wasu 'yan zuhudu izinin kwasar duwatsunta su gyara mazauninsu.

A Ingila yaƙin basasar shekarun 1640 tsakanin sarki da majalisa ne ya yi babbar ɓarna, kuma yawancinta bayan an daina harbi. Corfe misali ce. Uwargida Mary Bankes ta riƙe ta a madadin sarki har sau biyu, sai a 1646 wani hafsa daga ciki ya ci amana ya shigo da abokan gaba. Majalisa ta kaɗa ƙuri'a a rushe. Aka haƙa ƙarƙashin hasumiyoyi aka cusa albarushi. Ginin ya yi taurin kai: wasu ɓangarorin, maimakon su tarwatse, sai suka zame gangare a dunƙule, suna nan a karkace har yau. Mutanen ƙauyen da ke ƙasa suka kwashi duwatsun suka gina gidaje. Pontefract kuwa mutanen garin ne da kansu suka roƙi a rushe ta a 1649, don sau uku ana yi mata ƙawanya kuma kowane karo su ke shan wahala.

A Jamus, sojojin Faransa sun bi kwarin Rhine a 1689 suna fasa kagarai. Heidelberg an fasa ta a 1689 da 1693, aka ɗan gyara, sai tsawa ta faɗa mata a 1764. Marksburg da Eltz na cikin 'yan kaɗan da suka tsira a yankin. Ko a ƙarni na 20 abin bai tsaya ba. Hasumiyar Coucy a Faransa, mai tsayin kusan mita 55, ta yi shekara kusan 700 a tsaye, sojojin Jamus suka tashe ta da nakiya a 1917 lokacin da suke ja da baya.

Sai kuma rushewar da ba ta da ƙara. Abin da ya fi daraja a jikin tsohuwar kagara shi ne darmar rufinta da katakonta da ƙarfenta. A 1665 mai Conwy ya sa aka kwashe waɗannan duka aka sayar. Da zarar rufi ya tafi, ruwan sama ya samu hanya. Azara ta ruɓe, bene ya rufta, ruwa ya shiga tsakiyar bango ya daskare ya tsaga shi, saiwa ta bi tsagar. Maƙwabta kuma ga sassaƙaƙƙen dutse kyauta a bakin ƙofa, wa zai tafi fasa sabo? Ba Turawa kaɗai ke wannan ba: an ruwaito cewa Ƙaraƙush ma ƙananan dalar Giza ya farfasa ya samu dutsen gininsa.

Me ya sa ba a sake gina su yadda suke a da?

An gwada, kuma gardamar da ta biyo baya ba ta mutu ba. Carcassonne a kudancin Faransa saura ƙiris a rushe ta a 1849. Aka cece ta, aka ba mai zanen gini Viollet-le-Duc aikin gyara daga 1853. Ya yi aiki mai kyan gani, amma ya ɗora wa hasumiyoyin rufi mai tsini na baƙin dutse irin na arewacin ƙasar, masu suka suka ce a kudu jan tayil aka sani. Abin da mai yawon buɗe ido ke ɗauka hoto yau, wani ɓangarensa tunanin mutumin ƙarni na 19 ne.

Saboda irin wannan ne William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila a 1877, da ra'ayin a tallafi abin da ya rage kada a ƙirƙiro abin da ya ɓace. Yarjejeniyar Venis ta 1964 ta bi wannan hanya: gyara ya tsaya daidai inda zato ya fara. Ni ma nan na karkata, ko da yake ina ganin uzurin Polan. Malbork, ƙatuwar kagarar jan bulo a ƙasar, fiye da rabinta ya rushe a 1945, kuma akwai zane da hotunanta na kafin yaƙi, saboda haka sake gina ta ba zato ba ne.

Wannan farar mai tsini da ake yawan sa wa a kalanda fa?

Neuschwanstein ke nan, a Bavariya. A 1869 aka aza harsashinta, zamanin jirgin ƙasa da tangaraho. Sarki Ludwig na Biyu ne ya gina ta don sha'awa, har da famfo da na'urar ɗumama ɗaki. Eilean Donan ta Sikotland ma, jiragen yaƙi sun rusa ta asali a 1719, wadda ake gani an gina ta ne tsakanin 1912 da 1932.

Idan na samu kaina a cikin kango, me zan duba?

Ɗaga kai. Idan ka ga murhu a maƙale a bango can sama inda ba mai iya kaiwa, to a da akwai bene a wurin. Jerin manyan ramuka a layi ɗaya mazaunin azara ne, ƙirga layukan ka san hawa nawa ne. Ƙananan ramuka masu kwana huɗu da ke warwatse a jikin bango na sandunan dandamalin magina ne. A Conwy da Harlech za ka ga suna hawa a karkace suna zagaya hasumiya, salon da magina suka zo da shi daga Savoy. Tsagi mai siffar dala a jikin bango shi ne inda rufin wani ɗaki ya jingina.

Sannan duba ƙasa. Inda fuskar bango ta ɓace daga ƙasa zuwa iya tsayin mutum, ɓaraguzan ciki suka bayyana, amma sama lafiya lau, ba igwa ba ce. Masu kwasar dutse ne, sun ɗebi iya inda hannu ya kai. Bakin taga da na ƙofa ma su ake fara cirewa don sun fi kyan sassaƙa.

Ƙasar Hausa tana da irinsu?

Irinsu sak, a'a, domin tsarin tsaron ya bambanta. A nan gari ake karewa gaba ɗaya. Ganuwar Kano, wadda tarihin birnin ya ce Sarki Gijimasu ne ya soma ta wajen ƙarni na 12, ta kewaye gidaje da gonaki da Dala, yadda ko an yi ƙawanya za a iya noma a ciki. Gidan Rumfa na da katangarsa, amma ganuwa ce abin dogaro. Wurin da ya fi kama da kangayen da muka ambata shi ne Surame, birnin Kanta na Kabi na ƙarni na 16, wanda katangunsa na dutse ke kwance a daji a jihar Sakkwato.

Inda kamar ta fito sosai shi ne wajen lalacewa. Turawa sun shigo Kano da igwa a 1903, amma ba su ne suka cinye badala ba. Daina yaɓe ne bayan kowace damina, da masu ɗibar ƙasa, da masu gini a kanta.

A gaɓar Gana kuwa akwai Elmina, wadda 'yan Fotugal suka gina a 1482 a kan salon ƙasarsu don cinikin zinariya, daga baya ta zama matattarar bayi.

Waɗanda suka rage, sun tsira ke nan?

Ba duka ba. Ƙal'atul Hisn ta sha ruwan bama-bamai a yaƙin Siriya kafin 2014. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ta zubar da wani ɓangare na kagarar Gaziantep a Turkiyya, ta kuma taɓa ta Halab. Na bakin teku kuwa ruwa na cin gindinsu a hankali.

Akwai wanda zai iya gina irinta a yau?

Ana kan yi. A Guédelon, cikin wani daji a tsakiyar Faransa, tun 1997 ake gina sabuwar kagara a kan tsarin ƙarni na 13, da kayan aikin wancan zamani. A wurin ake fasa dutse, a wurin ake sare itace, maƙera na ƙera ƙusa ɗaya bayan ɗaya, doki ke jan kaya, mutum kuma ya shiga cikin ƙaton gargare na katako yana tafiya don a ɗaga dutse sama. Bayan gobarar cocin Notre-Dame ta Paris a 2019, da aka tashi neman kafintocin da suka iya sassaƙa azara da gatari, wasu daga cikin waɗanda suka yi aikin a Guédelon suka koyo.